Sarewa, jirgin ƙarƙashin ƙasa da masallacin Paris: yadda ake sauraron faifan Jacques Ibert

Tambaya: Malam, wani abokin aikina ya ba ni faifan kiɗan Turawa na wani Bafaranshe mai suna Jacques Ibert, wanda ƙungiyar makaɗan Montreal ta buga a ƙarƙashin Charles Dutoit. A jikin kwalin na ga kalmar konceto sau biyu. A na farko na ji sarewa ce a gaba, a na biyu kuwa na kasa kunne har ya ƙare ban ji wanda ke gaba ba. Sannan akwai wani mai suna Paris, kashi shida, har da kashin da aka ce na masallaci ne, amma ban ji kiran salla ba, ban kuma ji mai waƙa ba. Me waɗannan sunaye ke nufi, kuma ta ina mutum zai kama?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Abu biyun da ka lura da su haka suke, kuma su ne ma ƙofar shiga wannan faifai. Kamfanin Decca ne ya fitar da shi a shekarun 1990, lokacin da Dutoit ke jagorancin makaɗan Montreal na ƙasar Kanada, aikin da ya riƙe daga 1977 zuwa 2002. Mai busa sarewar da ka ji sunansa Timothy Hutchins, shi ne babban mai sarewa na ƙungiyar a lokacin. Ayyuka bakwai aka tara a ciki, duk na mutum ɗaya, wanda Faransawa ke kiran sunansa Jak Iber, ba a furta harafin ƙarshe. An haife shi a Paris a 1890, ya mutu a can a 1962.

Rashin mai waƙa kada ya dame ka. Kai da ka tashi a inda mai kalangu zai kaɗa taken wani mahauci, mahaucin ya miƙe tsaye daga can ƙarshen kasuwa ba tare da an ambaci sunansa ba, ai ka riga ka san kiɗa yana magana. Bambancin kawai shi ne kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa, don haka mai ji yana iya mayar da shi kalmomi. Wannan kiɗan babu kalmomin da ke ɓoye a bayansa. Abin da za ka riƙa tambayar kanka yayin da yake tafiya shi ne: wa ke magana yanzu, wa kuma ke amsa masa? Da wannan tambaya kaɗai za ka iya ratsa faifan duka.

Mu fara da konceto. Kalmar Italiyanci ce, kuma a yadda aka fi amfani da ita tana nufin kiɗan da aka tsara domin makaɗi ɗaya ƙwararre ya tsaya a gaba, ƙungiya ta mara masa baya. In kana son misali na kusa, ka tuna mawaƙi da 'yan amshinsa, sai dai a nan 'yan amshin ba maimaita abu ɗaya suke yi ba. Wani lokaci su shimfiɗa masa tabarma, wani lokaci su yi masa gardama, wani lokaci su ƙwace maganar daga bakinsa su ƙarasa. Tsarin ya zauna da gindinsa a Italiya a farkon ƙarni na 18, musamman a hannun Antonio Vivaldi na birnin Benis, wanda ya rubuta kusan 500. Tun daga zamaninsa aka saba da kashi uku: na farko da sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe da sauri kuma. Kusa da ƙarshen wani kashi sau da yawa ƙungiya takan yi tsit a bar gwanin shi kaɗai ya nuna iyakar hannunsa. Wannan wuri shi ake kira kadenza.

Konceton sarewa na Ibert ya bi wannan tsohuwar hanya sak. An fara busa shi a Paris a 1934, mai busawar shi ne Marcel Moyse, wanda dominsa aka rubuta shi, madugun makaɗan kuma Philippe Gaubert, wanda shi kansa mai sarewa ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Moyse da Gaubert duk almajiran Paul Taffanel ne, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban salon busar sarewa na Faransa, salon da ya fifita sauti mai tsabta, mara nauyi, mai saurin juyawa. Sarewar da suke busawa kuma ba irin ta kara ba ce da makiyayi ke busawa a bakin garke. Ta ƙarfe ce, galibi azurfa, ana riƙe ta a gicciye, tana da makullai da yawa bisa tsarin da wani Bajamushe, Theobald Böhm, ya kammala a 1847. Makullan ne suka ba ta damar gudun da za ka ji a kashin farko.

Sa kashin farkon, ka lura da daƙiƙoƙin farko. Ƙungiya ta buga ƙofa da ƙarfi, gajere, sai sarewa ta faɗo da gudu kamar yaron da aka aika kuma aka ce kada ya tsaya a hanya. Ƙananan sautuka ne a jere, kusan babu rata. Abin da nakan ce wa ɗalibai su nema a nan shi ne numfashi. Mai goge yana iya jan bakansa har gobe, mai sarewa kuwa dole ya saci iska, kuma Ibert bai bar masa wurin sata da yawa ba. In ka sa abin ji a kunne za ka ji ɗan "hah" can a tsakanin jimloli. Gwani shi ne wanda zai saci numfashin a inda jimlar ba za ta karye ba, kamar yadda mai karatu ke neman wurin tsayawar da ba zai ɓata ma'ana ba. Bayan gudun sai wani amo mai faɗi, mai natsuwa ya shigo, daga baya kuma za ka ji Ibert ya ɗora biyun a kan juna, ƙungiya na gudu sarewa na tafiyar ƙasaita, ko akasin haka.

Kashin tsakiya shi ne zuciyar aikin, kuma ni a ganina shi ne minti shida ko bakwai mafi daraja a faifan gaba ɗaya. An danne sautin gogunan, suna can ƙasa kamar hazo, sarewa tana jan zare guda mai tsawo a kansu. Babu gaggawa, babu nuna bajinta. Wahalarsa ga mai busa ta fi ta gudun, domin riƙe sauti a hankali ba tare da ya yi rawa ko ya faɗi ƙasa da inda ya kamata ba shi ne ke tona asirin wanda bai ƙware ba. Ka jira wajen ƙarshe. Goge guda ɗaya zai fito daga cikin taron ya karɓi amon, sarewa ta koma tana yi masa ado a gefe. Nan ne tambayar "wa ke magana" take biya. Wanda aka zo kallo ya koma ɗan rakiya na ɗan lokaci, kuma abin ya fi daɗi a haka.

Na uku kuwa wasa ne mai haɗari. Yana buɗewa da duka masu ƙarfi daga ƙungiya, bugun yana canzawa tsakanin huɗu da uku yadda in ka ce za ka bi da tafi sai ka ji ƙafarka ta zame. Akwai ƙamshin kiɗan jaz, wanda ya cika Paris a waɗannan shekaru. A tsakiya abin ya lafa, ya yi kamar mai tunani, sannan a dawo wa gudu, sai kadenza, sai a rufe. Tun a shekarar da aka fara busa shi makarantar kiɗa ta Paris ta ɗauki wannan kashi ta mayar da shi jarrabawar masu sarewa, kuma har yau da wuya ka sami mai sarewar da ya yi karatu mai zurfi bai yi gumi a kansa ba. Duka kashi ukun ba su kai minti 20 sosai ba. Ƙungiyar ma ƙarama ce da gangan: sarewa biyu, obo biyu, kilarinet biyu, basun biyu, ƙaho biyu, tiramfet ɗaya (duk waɗannan kayan busa ne), sai tambura da goguna. Sarewa ba ta da ƙarfin murya, in aka tara mata makaɗa ɗari sai ta nutse.

Hutchins yana busa shi da tsabta da kunya, irin ta mutumin da ya saba zama cikin ƙungiya yana sauraron na kusa da shi. Wasu sun fi son wanda zai fito ya cika fage. In kana cikinsu, nemi na Emmanuel Pahud da makaɗan Zurich a ƙarƙashin David Zinman. In kuma kana son jin bakin mai ita, Moyse da kansa ya naɗi aikin a shekarun 1930. Sautin tsohon faifai ne, da ƙarar tsaki a bayansa, amma za ka ji yadda wanda aka ɗinka wa rigar yake sa ta.

To, sai na biyun da ya ruɗa ka, wato konceton Louisville. Ka yi ta jiran gwani ya fito bai fito ba domin babu shi. A ƙarni na 20 masu tsara kiɗa sun fara amfani da kalmar ta wata fuska: konceton da ƙungiyar kanta ce gwanar, kowane ɓangare a ba shi lokacinsa ya fito ya koma. Wanda ya fi shahara a irin wannan shi ne na Béla Bartók na 1943. Na Ibert kashi ɗaya ne tak, minti goma da 'yan kai, kuma sunansa ya samo asali ne daga waɗanda suka biya kuɗin aikin. Louisville birni ne a jihar Kentaki ta Amurka, garin su Muhammad Ali ɗan dambe. Ƙungiyar makaɗan garin, a ƙarƙashin Robert Whitney, ta ɗauki wata dabara bayan Yaƙin Duniya na Biyu: maimakon ta kashe kuɗi wajen gayyato manyan baƙi su buga tsofaffin ayyuka, sai ta riƙa biyan masu tsara kiɗa na duniya su rubuta mata sababbi. Ibert ya rubuta nasa a 1953. Saboda haka kada ka wahalar da kanka kana neman titunan Louisville a ciki. Suna ne na godiya. Haka ma Bostoniana da ke faifan: makaɗan Boston da madugunsu Charles Munch suka nemi ya rubuta musu babban aiki, mutuwa ta riske shi kashi ɗaya kawai ya kammala, aka buga shi a 1963 bayan ransa. Gaskiya tsakani da Allah, waɗannan biyun aikin ƙwararre ne, amma ba su ne za su sa ka koma wa faifan ba. Bacchanale da ya yi wa gidan rediyon BBC a 1956, da gaisuwar da ya yi wa shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart a wannan shekara ta cikar Mozart ɗin shekara 200 da haihuwa, su ma haka: a ji, a yi murmushi, a wuce.

A cikin masu sunan gari, Paris ne kaɗai wanda da gaske yake nuna garin. Shi kuma ba konceto ba ne, suwit ne. Kalmar Faransanci ce mai nufin abin da ke biye da wani, jeri ke nan. A zamanin su Bach, mai tsara kiɗa na Jamus a ƙarni na 18, jerin kiɗan raye-raye ake nufi. Daga ƙarni na 19 sai ta ƙara wata ma'ana: mutum ya rubuta kiɗa domin wasan kwaikwayo ko rawa, wasan ya ƙare an naɗe labule, sai ya tsinci guntayen da suka fi kyau ya jera su domin a riƙa bugawa a zauren kiɗa. Konceto gini ne guda mai ɗaki uku. Suwit kuwa kamar tasoshin da aka jera a kan tabarma ne, kowace da abin da ke cikinta, ba dole ta farko ta haifi ta biyu ba.

Wannan ita ce sana'ar Ibert tun yana saurayi. Lokacin da yake karatu ya yi ta neman na abinci da buga fiyano a gidajen sinima, a zamanin da fim ba ya magana, inda mai fiyano zai dubi bango ya ga doki na gudu ya ba shi gudu, ya ga mace na kuka ya ba ta kuka, nan take. Ya shiga makarantar kiɗa ta Paris a 1910, yaƙin 1914 ya katse masa karatu, ya yi aikin jinyar sojoji sannan ya zama hafsan sojan ruwa. Da ya dawo ya ci Kyautar Roma a 1919 a gwajinsa na farko, kyautar da ke kai matashin mai fasaha zaman karatu a gidan Villa Medici na birnin Roma. Daga baya, a 1937, shi aka naɗa shugaban wannan gida, ya riƙe har 1960, ban da shekarun yaƙi da gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, ta hana buga kiɗansa. Ya yi wa fina-finai da dama kiɗa. Mutum ne da ya iya zana hoto cikin minti biyu ya tashi, kuma wasu masana sun raina shi saboda haka, suna ganin ba shi da zurfi. Ni ban yarda da rainin ba, kashin tsakiya na konceton sarewa ya isa shaida. Amma Paris kam aikin mai saurin hannu ne, kuma bai yi da'awar wuce haka ba.

Ga abin dariyar. Kiɗan nan da ke nuna birni na gaske, an fara rubuta shi ne domin wasan kwaikwayo a kan birnin ƙarya. Wasan shi ne Donogoo na Jules Romains, wanda Louis Jouvet ya shirya a gidan wasa na Pigalle a 1930. Labarin wani shehin malamin ilmin ƙasa ne da ya rubuta a littafinsa cewa akwai wani gari a Kudancin Amurka, alhali babu shi. Sai wani ɗan dabara ya kafa kamfani yana tallar garin da arzikin zinariyarsa, masu neman sa'a suka kwasa suka tafi, da suka gaji da nema sai suka kafa bukkoki a inda suka tsaya, garin ya tabbata. Gidan Pigalle sabo ne a lokacin, yana da injinan canza fage na zamani, wasan kuma yana tsalle daga wuri zuwa wuri. Aikin kiɗan shi ne ya gaya wa 'yan kallo inda aka iso kafin a buɗe baki. Shi ya sa kowane kashi gajere ne, minti biyu ko uku, duka shidan ba su cika minti 15 ba, kuma kowanne yana bayyana kansa tun a daƙiƙa goma na farko.

Na farko jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, wanda aka buɗe layinsa na farko a Paris a watan Yuli na 1900. Ka saurari yadda abin ke tashi da nauyi, ya kama gudu, ƙarfe na cin ƙarfe, bugu ɗaya ana maimaita shi har ya shiga jiki. Kwaikwayon inji da kayan kiɗa abin yayi ne a lokacin. Arthur Honegger, abokin karatun Ibert, ya riga ya yi nasa na kan jirgin ƙasa a 1923, George Gershwin kuma ya sa ainihin ham ɗin tasi a kiɗansa na Paris a 1928. Na biyu unguwannin bayan gari ne, na masu ƙaramin ƙarfi, da ɗan amon titi mai sa kewa. Ba zan daɗe a kansa ba.

Masallacin ne ya kamata mu zauna a kai. Babban Masallacin Paris yana gunduma ta biyar, kusa da lambun tsirrai na birnin. An aza harsashinsa a 1922, aka buɗe shi a watan Yuli na 1926 a gaban shugaban Faransa Gaston Doumergue da Sarkin Maroko Moulay Youssef. Hasumiyarsa mita 33 ce, gininsa irin na Maroko da Andalus, shugabansa na farko Si Kaddour Benghabrit. Faransa ta gina shi ne a matsayin tukuici ga dubban sojoji Musulmi na ƙasashen da ta mallaka, waɗanda suka mutu suna yi mata yaƙi daga 1914 zuwa 1918. Yawancinsu daga Arewacin Afirka suke, amma akwai na Afirka ta Yamma, waɗanda duk inda aka ɗebo su a yankin, har da ƙasar da ta zama Nijar, Faransawa kan kira su sojojin Senegal. Lokacin da Ibert ya rubuta kiɗansa masallacin shekara huɗu kawai yake da buɗewa. Sabon abin kallo ne ga mutanen Paris, kamar jirgin ruwan da za mu zo kansa. Shekara ɗaya bayan nan, a 1931, aka yi babban baje kolin ƙasashen mulkin mallaka a dajin Vincennes. Iskar da ake shaƙa ke nan.

Abin da ka ji a kashin shi ne obo tana lanƙwasa wani amo a kan bugun ganga mai maimaituwa. Obo 'yar'uwar algaita ce ta jini. Dukansu ana busa su ne ta wani ɗan harshe mai ɓari biyu da ke kaɗawa a baki, kuma sunan algaita kansa ɗaya ne da na gaita da ake busawa a Maroko da Aljeriya. Bambancinsu a wajen busa yake. Mai algaita yana cusa harshen duka cikin baki, ya cika kumatu, yana shaƙa ta hanci yana turawa, sautin ba ya yankewa, kuma an yi shi ne domin fili da hawan sarki. Mai obo yana danne harshen da leɓɓansa, yana iya rage sauti har ya koma kamar raɗa. Ibert ya ɗauki obo ya sa ta yi shigar gaita, amma da murya ta cikin ɗaki.

Kai da ni mun san ba a busa a masallaci, ba a kaɗa ganga. Ibert ma da wuya a ce bai sani ba, mutumin da ya zagaya gaɓar Bahar Rum. Bai yi yunƙurin kwaikwayon ladani ba, kuma na fi son haka, domin da ya yi da abin ya zama wasa da ibada. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko alamar da kunnen Bafaranshen 1930 ya riga ya sani: in ka ji obo na karkacewa a kan ganga, to an iso ƙasar Larabawa. Hanyar gajarta magana ce ta dandamali, wadda tun ƙarni na 19 ake amfani da ita, kuma ba ta bambanta masallaci da kasuwa da gidan biki. A nan ne nake ganin iyakarsa. Hoton mai wucewa ne da ya tsaya a bakin titi ya ɗaga kai ya dubi hasumiya. In ma akwai ɓangaren ginin da kiɗan ya dace da shi, to shagon shayin da ke harabar ne, inda har yau mutanen gari da baƙi ke zuwa shan shayi mai na'ana'a. Amma ban ji izgili a ciki ba. A cikin kashi shidan, biyar na hayaniya ne ko kewa ko raha, wannan ne wurin da birnin ya yi shiru. Kuma ko ba komai, wani ya jera abubuwan da ke nuna Paris a 1930 ya sa masallaci a lamba ta uku.

In kana son ka ga inda ya yi wannan dabara da kyau fiye da nan, faifan naka yana ɗauke da shi. Escales, ma'ana zangon jiragen ruwa, aikin 1922 ne kuma shi ne ya fara fito da sunansa. Kashi uku ne: Roma da Palermo, Tunis da Nefta, sai Balensiya ta ƙasar Sifen. Nefta gari ne na dabino a kudu maso yammacin Tunisiya, a bakin Sahara, sananne da zawiyoyin sufaye. A wannan kashi obo ce ke magana daga farko har ƙarshe, tambura na ƙasa, masu goge kuma suna dukan tsirkiya da itacen baka maimakon gashinsa, sai ya ba da wani sauti busasshe kamar ana karkaɗa tsakuwa. Bugun bakwai-bakwai ne. Gwada ƙirgawa da yatsa, uku sannan huɗu, za ka ji yadda yake ɗingishi da gangan. Ka sa shi, ka sa na masallacin nan take a bayansa. Za ka ji na Paris ƙane ne, an yi shi da sauri domin labule na jira.

Na huɗu gidan cin abinci ne a dajin Boulogne da ke yammacin birnin, wurin masu kuɗi. Kiɗan rawar zamanin ne, kuma Ibert yana yi yana ƙyafta ido, ya ƙara wa abin zaƙi har ya kusa gundura, da gangan. Na shida faretin 'yan wasan fili ne, irin inda ake kafa lilo da rumfunan 'yan dabo, gajere, da ƙara, a tashi taro.

Na biyar ya fi su ba ni sha'awa, domin Paris ba ta bakin teku, to me jirgin ruwa ke yi a ciki? Île-de-France jirgin fasinja ne na kamfanin Faransa mai ratsa Tekun Atlantika, ya fara tafiya daga Le Havre zuwa New York a 1927, kuma ya yi suna saboda adon cikinsa na zamani. Shi ne jirgin da a 1956 ya juyo a tsakiyar tafiya ya ceci mutum sama da 700 daga jirgin Italiya Andrea Doria da ke nutsewa. Amma Ibert ba a kan teku ya tsayar da mu ba. A titin Auber ne, gaban ofishin kamfanin, inda aka ajiye ɗan ƙaramin samfurin jirgin a bayan gilashi masu wucewa na tsayawa suna kallo. Kiɗan yana lilo a hankali kamar ruwa, amma ruwan a cikin kan mai kallo yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ofishin masu sayar da tikitin jirgi yana karanta sunayen garuruwa, aljihunsa babu ko kuɗin mota, zai gane wannan kashi ba sai an yi masa bayani ba.

Game da ta inda za ka kama, kada ka sa faifan daga farko ka bar shi ya zuba har ƙarshe, kusan minti 80 na mutum ɗaya zai gajiyar da kai. Fara da Paris, kana riƙe da sunayen kashi shidan a gabanka. Washegari ka ɗauki kashin tsakiya na konceton sarewa shi kaɗai, ka ji shi sau biyu, sannan ka haɗa shi da sauran biyun. Escales ya biyo baya. Kuma ka nemi abin sawa a kunne ko lasifika mai kyau. Decca ta naɗi yawancin faya-fayan makaɗan Montreal na wannan zamani a cikin cocin Saint-Eustache da ke wajen birnin saboda yadda ɗakin ke riƙe sauti, kuma lasifikar waya tana yanke duk abin da ke ƙasa. A kanta gogunan da ke ƙarƙashin sarewa ɓacewa suke yi, gangar masallacin kuma ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani.